HAƘƘIN DABBA BA YA ƘAREWA DA ƘAREWAR ƘARFINTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu.

A ƙasar Ingila akwai gidajen da aka keɓe domin dabbobin da masu su suka yasar, a ciyar da su, a yi musu magani, sa'an nan a nema musu sabon ubangida. Na Battersea a birnin Landan, mai karɓar karnuka da kyanwoyi, asalinsa tun 1860 ne. Manomin Bichi ko na Dambatta in ya ji wannan, watakila ya ce, wanda bai cika rumbunsa ba, ina shi ina ciyar da dabbar da ba ta da amfani? Tambayar tana da nauyi, amma fa shari'a ta riga ta amsa ta.

Malaman Malikiyya sun bayyana, kamar yadda ya zo cikin Muhtasar na Shehu Halilu, cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in kuwa ya ƙi ko ya kasa, sai a sayar da ita. To, wannan sharaɗi ya hau kan mutanen karkarar arewacin Kano sosai, domin daga Ungogo har Dawakin Tofa gona ce ke bin gona. Da damina ta sauka sai turke, dabba ba ta da abinci sai abin da aka kawo mata. Hadisi kuwa ya inganta cewa an azabtar da wata mace saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba.

Abin dubawa a nan shi ne tsohon jaki. Shekara da shekaru shi ke kai itace birni, ya komo da taki gona. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare, sai wani ya kore shi da gyambo a baya, wani ya miƙa shi ga masu neman fata, cinikin da Tarayyar Afirka ta hana a 2024. Littafin fiƙihu bai rataya wajibcin ciyarwa a kan ƙarfin dabba ba, a kan mallaka ya rataya shi.

Wanda ya kasa riƙo, ƙofa a buɗe take, ba kuwa baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. An saba ba da akuya kiwo ga maƙwabci, an kuma saba kai ɓatacciyar dabba gidan mai unguwa a yi cigiya. Musulmin da ma sun yi fiye da haka: Sarki Baibars na Masar, a ƙarni na 13, ya yi waƙafin lambu domin ciyar da kyanwoyin Alƙahira. Saboda haka ba sai an gina gida irin na Landan ba. Ya isa dagaci da limami su tsaya, a nemi mai harawa da dusa a ba shi dabbar da mai ita ya gaza.

Lalle mutum shi ne a gaba wajen ciyarwa, amma mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa aka gafarta masa, ruwan rijiya kaɗai ya ba da. Allah Ya ba da ikon sauke haƙƙi, amin.