Wa Zai Ciyar Da Dabbar Da Ba Ta Da Mai Ita?

 

Ya kai ɗan'uwa matashi, ga wata tambaya da nake so ka zauna ka yi tunani a kanta: shin ya dace Musulmi ya kashe kuɗinsa da lokacinsa wajen jinyar kyanwa, ko jaki, ko kare, alhali ga mutane nan suna kwana da yunwa? Da yawa daga cikinku za su ce wannan ai aikin Turawa ne da cikinsu ya cika. To, dakata ka ji.

A birnin Halab na ƙasar Siriya akwai wani bawan Allah, Muhammad Ala'u al-Jalil. Aikin lantarki yake yi, amma da yaƙi ya shigo garin a 2012 sai ya koma tuƙin motar ɗaukar marasa lafiya, yana kwaso waɗanda bom ya rutsa da su zuwa asibiti. Mutane suka dinga gudu suna barin kyanwoyinsu. Shi kuwa sai ya riƙa sayen guntayen nama wurin mahauta da kuɗin aljihunsa yana ba su. Kafin ka ce me, sun haura ɗari. A 2015 ya buɗe musu gida na musamman, da taimakon da wasu mutane, akasarinsu daga Italiya, suke tarawa ta Facebook. Daga cikin taimakon nan har wurin wasa ya yi wa yaran unguwa. A watan Nuwamba na 2016 bama-bamai suka faɗa wa gidan, kyanwoyin wasu suka mutu, wasu suka watse. Ya fita daga Halab tare da waɗanda aka kwashe, ya sake kafa wani gidan a ƙauyen Kafar Naha, yamma da birnin.

Ka lura da abu ɗaya. Mutumin da ya tausaya wa kyanwa, shi ne dai wanda yake shiga ɓaraguzan gini yana ciro 'yan Adam. Rahama ba tuwo ba ce da za a ce in an gutsura wa dabba sai ta gaza mutum. Kuma sau da yawa mai cewa "a fara da mutane tukuna", in ka bincika, ba mutumin ya ciyar ba, ba dabbar ba.

Ka sani, Allah Ya yi maka rahama, ba mu ɗauko wannan daga Turawa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa: ta kulle ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Sun kuma ruwaito labarin matafiyin da ya sha ruwa a rijiya, ya fito ya ga kare yana lallage harshe don ƙishirwa, ya koma ciki ya cika huffinsa, ya riƙo da baki ya hauro, ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka yi mamaki suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah (S.A.W.) ya tabbatar musu akwai lada a kan duk mai rai. Kare ne fa! Karen da samarinmu suke jifa da dutse, har wani yana jin ibada yake yi. Hana ajiye kare a gida in ba don farauta ko kiwo ko tsaron gona ba, hukunci ne daban. Azabtar da shi kuwa zalunci ne, babu malamin da ya halatta.

Amma kada wani ya zarce. Shari'a tana da jeri. A hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, an nuna mana mutum ya fara da kansa, sannan iyalinsa, sannan danginsa, abin da ya saura ya bayar nan da can. Wanda mahaifiyarsa ba ta da kuɗin magani, shi kuma yana saya wa tantabaru dawa, wannan ba mai tausayi ba ne, mai son zuciya ne. Ran mutum yana gaba da ran dabba, babu jayayya.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato kuɗi. Masu aikin ceton dabbobi na sa kai, a ko'ina suke, ciwonsu ɗaya ne. Dabba tana ci kullum, sadakar mutane kuwa tana zuwa ne ranar da suka ga hoto mai ban tausayi. Yau an turo, gobe an manta. Ga kuɗin abinci, ga allura, ga likitan dabbobi, ga hayar wuri, kuma kullum ana ƙara kawo musu wasu. Kyanwa ba za ta yi maka godiya a gaban jama'a ba, jaki ba zai ambaci sunanka a rediyo ba, shi ya sa mai riya ba ya leƙa wannan ƙofa.

Wani zai ce a ba su daga zakka mana. A'a. Allah da kanSa Ya raba zakka gida takwas a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma babu dabba a ciki. Ba mu da ikon ƙara na tara don tausayi ya kama mu, domin ƙari a cikin addini shi ne bidi'a ko da niyya ta yi kyau.

Nauyin farko yana kan mai dabbar. A Muhtasar na Shehu Halil an bayyana cewa wajibi ne mutum ya ciyar da dabbarsa in babu makiyaya, in ya ƙi a tilasta masa sayar da ita, haka nan in yana ɗora mata aikin da ya fi ƙarfinta. Da ana bin wannan, da masu ceto sun huta da yawa, domin mafi yawan dabbobin da suke tsinta suna da masu su, yar da su aka yi. Kai ma ka san jakin da ya yi shekaru yana ɗaukar yashi da taki, bayansa ya yi gyambo, ranar da ya kasa tashi aka bar shi a bayan gari.

Wadda ba ta da mai ita kuwa, ƙofarta sadaka ce da waƙafi. Magabata sun gane sadakar lokaci ɗaya ba ta riƙe aikin kullum, sai suka tsayar da dukiya wadda amfaninta ke gudana. Sarkin Masar Zahir Baibaras, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da gida. Amma ji abin da ya biyo baya. Wani Bature, Edward Lane, da ya rubuta littafi a kan mutanen Masar a 1836, ya ba da labari cewa masu riƙon amanar sun yi ta sayar da lambun hannu zuwa hannu, har abin da yake kawowa ya koma ɗan kaɗan, sai alƙalin gari ne yake ciyar da kyanwoyin daga aljihunsa. Ka ga ba Shari'a ce ta gaza ba, amana aka ci.

A wannan Alƙahirar dai, garin Azhar, wata Baturiyar Ingila, Dorothy Brooke, ta iso a 1930 ta tarar da tsofaffin dawakin da sojojin ƙasarta suka sayar bayan Yaƙin Duniya na Farko suna jan kaya, duk sun rame sun zama ƙashi. A 1931 ta rubuta wasiƙa a wata jarida ta Landan tana neman taimako, aka tara abin da ta fanshi dawaki wajen 5,000, a 1934 ta buɗe asibitin dawaki da jakuna. Ba don in yaba wa Nasara na kawo wannan ba. Don mu ji kunya ne, hadisin yana hannunmu, aikin yana hannun wasu.

Kuma kada ka ce babu kuɗi. Lissafa abin da ake zubarwa a taron sadakar uku da bakwai da arba'in, wanda Annabi (S.A.W.) bai yi ba, sahabbai ba su yi ba. Lissafa abin da ake kai wa boka da ɗan tsibbu, wanda shi ne ma zai ce a nemo masa baƙar kyanwa ko kan ungulu. Camfin nan na cewa baƙar kyanwa mayya ce, ko mujiya tana kiran mutuwa, ya sa an kashe halittun Allah ba adadi, alhali Musulunci ya rushe camfi tun farko.

Ba na ce ka gina gidan kyanwoyi ba. Ku samarin masallaci ɗaya, ku ajiye kwami na ruwa a bakin rijiya ko famfo don dabbobin da ke wucewa, musamman da bazara. Ku yi asusu daban, kada ku haɗa shi da na zakka ko na marayu, ku naɗa mutum biyu masu riƙe shi, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a duk wata. In kun ga jaki mai gyambo, ku fara neman mai shi ku yi masa nasiha da laushin harshe. In ya ce ba shi da kuɗin magani, ku raka shi asibitin dabbobi ku biya.