Shin Fasaha Tana da Mai Ita?

Wanda ya ƙago abu, nasa ne shi kaɗai, ko kuwa jama'a na da rabo a ciki? Wannan tambaya ta girmi fina-finanmu na Hausa, domin tun majigi na jariri aka fara shari'a a kanta.

A Amurka, Thomas Edison ya yi rajistar na'urar ɗaukar hoto mai motsi da sunansa, ya yi ta maka abokan sana'a a kotu. A 1908 shi da manyan kamfanoni suka haɗe kai, suka ce ba mai ɗaukar fim ko nuna shi sai da lasisinsu. Kowane gidan sinima sai ya biya dala 2 duk mako. Ƙananan masu sana'a irin su Carl Laemmle suka ƙi, aka yi ta tafka shari'a, har a 1915 kotu ta yanke hukunci cewa wannan haɗaka babakere ce da ta saɓa wa doka.

Mu a nan, akasin haka muka gani. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, sana'ar ta bunƙasa ba tare da shinge ba. Mai shirya fim yakan miƙa wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai uwar kaset, su yi ta kwafa, shi kuwa ribarsa tana cikin kwalin da ya buga ya sayar musu. Kaset ɗaya ya iso Kiru ko Tudun Wada, sai ya zaga shagon haya da gidan kallo, ɗaruruwa su kalla, mai gumin bai ga ko kwabo ba. Mu da muka biya kuɗin shiga, ba mu taɓa tambaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma fa mu faɗi gaskiya. Da yawa daga masu kukan an sace musu, su ma labari da karin waƙa daga fina-finan Indiya suka ɗebo, ba sallama ba godiya. Shi kansa Edison a kan aikin wasu ya ɗora nasa.

Mu dubi dam ɗin Tiga da ke ƙasar Bebeji. Ba shi ya halicci ruwan ba. Daga tuddan kudu ya gangaro, ta wajen Doguwa da dajin Falgore. Da ba a tare shi ba, da ya wuce a banza. Da kuma an tare an hana shi fita, da manoman Kadawa ba su ga tumatir da rani ba. Haƙƙin mai fasaha haka ya kamata ya zama: a tare gwargwadon da zai ci guminsa, a saki domin na baya su sha.

Edison ya toshe ƙofa, kotu ta buɗe. Mu kuwa mun bar madatsar a fashe. Yau da fim ke yawo daga waya zuwa waya, kafin ɗayanmu ya ce "tura mini", ya tambayi kansa: gumin wa zan sha?

Allah Ya sa mu gyara.