In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari

A ƙasar Amurka, cikin jihar Kalifoniya, akwai wani ƙaramin gari ana ce da shi Bell. Mutanensa wajen 35,000 ne, galibinsu talakawa. A shekarar 2005 majalisar jihar ta kafa doka, ta ƙayyade kuɗin da wakilan majalisun garuruwa za su riƙa karɓa. Amma dokar ba ta hau kan garin da ke da tsarin mulkin kansa ba. Da shugabannin Bell suka ga haka, sai suka sa a jefa ƙuri'a don garinsu ya sami irin wannan tsari. Waɗanda suka fito ba su kai 400 ba.

A 2010 asiri ya tonu. Ashe yawancin wakilai kusan dala 100,000 kowannensu ke karɓa a shekara, manajan garin kuwa, Robert Rizzo, kusan 800,000. A 2014 aka yanke masa ɗaurin shekara 12.

To, laifin wa ke nan? Wanda ya yanka wa kansa albashi daga baitulmali yadda ya ga dama ya ci amana, babu shakka. Amma dubban da suka zauna gida ranar ƙuri'a, su suka bar ƙofa a buɗe. Doka tana iya ƙayyade albashi, amma ba ta iya tsare dukiyar da masu ita suka yi barci.