Tarwaɗar da Ta Riƙe Ƙwanta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai, wanda Ya sanya wa kowace halitta lokacin haihuwarta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama. Bayan haka:

Ka sani, ya ɗan'uwa mai kiwon kifi, tarwaɗar fadama ba ta zuba ƙwai sai ta ga alamomin da Mahaliccinta Ya kafa mata. Idan damina ta kankama, kogi ya cika ya malala cikin ciyawa, kamar yadda yake yi a fadamun Haɗeja da Nguru, sai ta bi sabon ruwan da dare ta zuba. A kandamin siminti kuwa babu ambaliya, babu ciyawa. Ƙwan ya ƙosa, ciki ya kumbura, amma umarnin saki bai zo ba. Wani lokaci jikinta ya shanye shi a hankali, wani lokaci ya ruɓe a ciki ya jawo mata cuta.

Mu muka tsare ta, saboda haka haƙƙinta yana wuyanmu. Hadisin matar da aka azabtar saboda ta ɗaure kyanwa har ta mutu sananne ne ga kowane ɗalibi.

Daga ni'imomin Allah, masana a ƙasar Brazil, ƙarƙashin Rodolpho von Ihering, sun gano a shekarun 1930 cewa idan aka niƙa 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kifi aka yi wa mace allura da ita, za ta saki ƙwai. Yau makiyaya da yawa maganin allura mai suna Ovaprim suke amfani da shi, rabin milimita ga kowane kilo na nauyinta. Sai dai allura ba ta ƙosar da ɗanyen ƙwai. A fara dubawa: ciki ya yi laushi, mafita ta yi ja, ƙwai kaɗan su fito da ɗan dannawa. Wadda cikinta ke da tauri, wataƙila kitse ne, a ƙyale ta.

Bayan allura a keɓe ta ita kaɗai, a jira awa 8 zuwa 12 gwargwadon ɗumin ruwa, domin sanyi yana jinkirta sakin ƙwan. A nan ne da yawa ke kuskure, abin kuma yana sosa mini rai. Mai gaggawa ya matse ta kafin lokaci ya ji mata ciwo. Mai sakaci ya bari ƙwan ya wuce lokacinsa ya lalace. Idan lokaci ya yi, a rufe kanta da jiƙaƙƙen tawul, a tatsa da babban yatsa a hankali. Da an ga jini a dakata, a mayar da ita ruwa mai tsabta ta huta watanni kafin a sake waiwayarta.