Wanda Ya Shiga Jirgi Na Ƙarshe

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale ya taso daga ƙauyen Badau zai tsallaka dam ɗin Watari zuwa Bagwai a Jihar Kano. Yawancin na ciki 'yan Islamiyya ne masu zuwa Mauludi. Jirgin ya kife, aka tsamo gawa 29. Kafin nan, a watan Mayun shekarar, wani jirgin katako ya tsage biyu kusa da Wara a Jihar Kebbi, gommai suka halaka.

Mu nan Nyanya ba mu da kogi, amma da yawanmu sai mun hau ruwa kafin mu kai gida ran Sallah. Da labarin ya iso majalisa muka yi salati, muka ce ƙaddara. To, gaskiya ne, ba mai wuce kwanansa. Sai dai wani lokacin da kalmar nan muke rufe bakin tambaya.

Laifin na sama a bayyane yake. Tun 1968 da aka datse ruwa a Kainji, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye na nan a ƙasa suna jiran cikin jirgi. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar kariya, amma a mashigai da yawa ba mai dubawa. Mai jirgi kuma yana ganin katako ya ruɓe, sai ya toshe da tsumma ya ce gobe.

Wanda ba mu son magana a kansa shi ne fasinja. Ka iso bakin ruwa, ka ga jirgi ya nutsa saura ɗan taki, ga babura an ɗora, ga buhuna, aka ce matso ciki, ka shiga. Kana da laifi?

Wasu za su ce a'a. Talaka ba shi da zaɓi: jirgin ɗaya ne, rana ta faɗi, zagayen mota ya fi ƙarfin aljihunsa. Wannan hujja mai nauyi ce, ba mu raina ta ba. Amma kowa a jirgin haka ya faɗa wa ransa, "ni kaɗai ai ba zan nutsar da shi ba", kuma jimillar waɗannan "ni kaɗai" ɗin ce ta nutsar da shi. Yaran Badau ba su zaɓi komai ba, manya ne suka sa su.

Mun ma san halin, don kullum da asuba muna yin sa a ƙarƙashin gadar Nyanya: mutum biyu a gaba, huɗu a baya, wanda ya ce an cika a ce yana da girman kai. A ganinmu wanda ya shiga na ƙarshe yana da nasa kason, ko da bai kai na mai jirgi ba. Mu da ke zaune a ciki muka matsa masa wuri, namu ya fi nasa, domin mun riga shi ganin inda ruwa ya kawo.