Hoton Andromeda da Nauyin Shaida

In mutum ya nuna wa jama'a abin da idonsa bai taɓa gani ba, ya ce ga shi, haka yake, shaidarsa gaskiya ce ko ƙarya? Da sauri za mu ce ƙarya ce. Amma bari mu ɗan dakata, mu dubi aikin masu ɗaukar hoton taurari.

A watannin Oktoba da Nuwamba, sa'ad da damina ta wuce, ƙurar habub kuma ta lafa, wanda ya fita bayan Umdurman ta wajen yamma, inda fitilun gari ba su kai ba, ya ɗaga kai wajen arewa bayan cin abincin dare, zai ga wani ɗan fari-fari kamar an shafa toka da yatsa a kan baƙin zane. Sai daren da ba wata, kuma ya fi fitowa in an dube shi ta gefen ido. Masana suna kiransa Andromeda. Tun a shekara ta 964 wani malamin Farisa, Abdurrahman as-Sufi, ya rubuta labarinsa, ya kwatanta shi da ɗan gajimare. Abin da ido ke iya faɗa ke nan, kuma malamin bai yi ƙarya ba.

Amma ba gajimare ba ne. Garken taurari ne, dubban miliyoyi, irin namu wanda muke ciki, wato farin zanen nan da ya ratsa sama, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke ce wa Darbut Tabbana, hanyar masu ɗaukar ƙaiƙayi. Siffarsa kamar faifai ce da aka saƙa daga tsakiya ana murɗawa, aka kuma jingine shi a karkace. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, duk da haka hasken Andromeda yakan yi shekara miliyan 2 da rabi a hanya kafin ya iso mana. Faɗinsa a sararin sama ya kai na cikakken wata sau 6, sai dai ido ba ya kama kome sai cibiyarsa.

Wanda ya fara nuna murɗaɗɗiyar siffar nan a hoto ba malamin jami'a ba ne. Isaac Roberts ɗan kwangilar gine-gine ne a Libaful ta Ingila, yana duban taurari don sha'awa. A Disamba 1888 ya bar kyamararsa a buɗe awa 4 tana bin Andromeda a hankali. Ido yana gani yana mantawa nan take, amma faranti na hoto yana tarawa, kamar randa a ƙarƙashin indararo.

A yau mai kyamara ta kasuwa da ƙafafunta uku yana iya yin abin da ya fi na Roberts. Yadda ake yi kuwa shi ne abin da ya ja hankalina. Da yake duniya tana juyawa, ba a iya barin kyamara a buɗe sai 'yan daƙiƙoƙi, in ba haka ba taurari su zama layi-layi, sai fa in akwai injin da ke bin su. Saboda haka akan ɗauki hoto ɗari biyu, ko ɗari biyar. Kowane guda ɗaya mummuna ne, cike da tsaki-tsaki kamar talabijin da ba ta kama tasha ba. Sa'an nan a ɗora su bisa juna a kwamfuta. Tsaki-tsakin wannan hoto dabam yake da na wancan, don haka suna kashe juna. Hasken taurari kuwa yana wuri guda cikin dukansu, sai ya yi ta ƙarfi. In ka ninka yawan hotuna sau 4, tsakin yakan ragu da rabi. A ƙarshe ga tsakiya ruwan ɗorawa, inda tsofaffin taurari suke, ga hannuwa shuɗi-shuɗi inda sababbi suke, ga baƙaƙen hanyoyin ƙura tsakaninsu.

Ba wanda ya taɓa ganin wannan da idonsa, ko ta cikin madubin hangen nesa. Duk da haka ni dai na ce gaskiya ce, gama ba digo ɗaya na haske a ciki wanda bai zo daga can ba. Mai hoton bai ƙara kome ba, jira ya yi. Akwai kuma wani abu da suke yi wanda ya kamata ya ba mu kunya. Kafin su tashi, sukan rufe bakin kyamara su ɗauki hoton duhu zalla, domin su san aibin da kyamarar kanta take sawa, su cire shi. Mu nawa ne, kafin mu ba da labarin maƙwabci, muke fara auna abin da ƙiyayya ko tsoro ya riga ya rubuta a zuciyarmu?

Iyakar tana wajen ƙari. A shekara ta 2023 an yi ta gardama a kan wayoyin Samsung, bayan wani ya ɗauki hoton wata da ya dusashe da gangan a fuskar kwamfuta, wayar kuwa ta fito masa da ramuka da tabo waɗanda ba su cikin abin da ta gani. Hoton ya yi kyau, ya kuma yi kama da wata. Amma wayar ta faɗi abin da aka koya mata ne. Haka mai shaidar da ya cike giɓin labarinsa da abin da kowa ya sani. Yana yiwuwa ma ya dace da gaskiya, amma ya daina zama shaida. Dokar da ta hana shaidar zur muna koya wa yara ita tun suna ƙanana, sai dai sau da yawa muna tsammani maƙaryaci kaɗai ta shafa.

Ba don nishaɗi nake wannan magana ba. Tun ranar 15 ga Afrilu 2023 da yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin sojojin ƙasa da dakarun RSF, miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Soja sun sake riƙe birnin a Maris 2025, waɗansu mutane kuma suka koma suka tarar da ƙofofi a karye. Wa ya kwashe kayan gidan? Wa ya nuna wa masu bindiga ƙofa? Kowa ya ga ɗan kaɗan, ta taga, cikin duhu, da tsoro a ransa. Kowane labari guda ɗaya kamar hoto guda ne mai tsaki-tsaki. A Oktoba 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa kwamitin binciken abin da ya faru a Sudan, aikin irin wannan kwamiti kuwa tara labarai ne da yawa a ɗora su bisa juna. Dattawan unguwa da ke sulhu tsakanin gidaje biyu su ma aikinsu ke nan.

Amma yawa kaɗai bai isa ba, masu hoto sun san haka. In ƙwayar ƙura ta zauna a kan gilashin kyamara, za ta fito a dukan hotuna ɗari biyar, a wuri guda, kamar tauraro. Tarawa ba ta kashe ta. Mutum hamsin da suka ji jita-jita daga baki ɗaya, shaida ɗaya ne, ba hamsin ba. Ko hoto mai gaskiya ma ana iya yi masa mummunar fassara. Da aka ga hoton Roberts, da yawa sun ɗauka wata rana ce ake haifa tare da duniyoyinta, a nan kusa cikin garkenmu. Sai a 1923 Edwin Hubble, da babban madubi na Dutsen Wilson a Amurka, ya sami tauraro guda a ciki mai ƙaruwa da raguwar haske, ya auna nisa da shi, aka gane wani garke ne dabam. Shekara 35 hoton yana daidai, bayanin yana kuskure.

Akwai wurin da misalin nan ya gaza, ba kuwa zan ɓoye shi ba. In jirgin sama ya ratsa sa'ad da ake ɗauka, yakan bar layi a hoto guda. Kwamfuta takan ga sauran hotunan ba su da shi, sai ta share. Ga mai neman Andromeda wannan daidai ne. Amma jirgin ya wuce da gaske. A sha'anin mutane, sau da yawa abu mafi muni mutum ɗaya ne ya gan shi, wata mace a ɗaki, ko yaro a bayan ƙofa. In muka ce sai abin da baki da yawa suka yarda da shi, mun share ta kamar layin jirgi. In kuma muka hukunta mutum da baki ɗaya, wata rana za mu hallaka marar laifi. A ganina a saurare ta, a rubuta maganarta, a kula da ita, a jinkirta hukunci a kan wanda ta ambata, a ci gaba da nema. Na san wannan ba zai gamsar da ita ba, shi ma ba zai gamsar da shi ba.

A 2022 waɗansu masu sha'awa su uku, Marcel Drechsler na Jamus da Xavier Strottner da Yann Sainty na Faransa, sun tara hasken fiye da awa 100, suka ga wani babban baka na hayaƙi mai ƙyalli a gefen Andromeda, wurin da manyan madubai suka yi shekaru suna dubawa ba su lura ba. Su kansu sun yi shakka ko aibin kayan aikinsu ne. Ba su sanar ba sai da aka sake ɗaukar wurin da waɗansu madubai a wurare dabam dabam, bakan ya sake fitowa, sa'an nan aka buga labarin a Janairu 2023.