Wadda ke jiran bango ya tsage

Ɗana, idan Allah ya ɗora maka jinyar wani naka, ko yaron da tafasasshen ruwa ya ƙona ko dattijo mai ciwon suga da gyambo ya kama wa ƙafa, akwai wata ƙwayar cuta da nake so ka san halinta tun kafin ku haɗu. Likitoci na kiranta Pseudomonas aeruginosa. Sunan da nauyi a baka, amma mai sunan ƴar gida ce: tana cikin ƙasar tsakar gidanka, tana kwata, tana bakin famfo da gindin randa da jiƙaƙƙen tsumman da aka yar a lungu. Kullum kuna cuɗanya, ba ta kuwa yi maka komai, domin fatarka lafiya lau take, garkuwar jikinka tana tsaye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wanda kake jinya, bangonsa ya riga ya tsage.

Kada wannan ya sa ka ɗauke ta muguwar halitta marar amfani, Allah bai yi komai a banza ba. Ba ta da zaɓen abinci, har ɗanyen man fetur da baƙin mai tana ci. Takan fitar da wani sinadari mai aikin sabulu, wanda ke farfasa mai ya gauraya da ruwa, sannan ta cinye shi sannu a hankali. Shi ya sa masu bincike a jami'o'in Najeriya suke yawan samo ta a ƙasar Neja Delta inda mai ya malala, da ƙasar garejin makanikai da ta yi baƙi ƙirin, suna gwada ta wajen farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Wata ƴar'uwarta ce ma Ananda Chakrabarty ya sarrafa domin cin mai, har maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1980 ta yarda a ba shi haƙƙin mallakarta. Tun 1899 kuma wasu masana biyu a Jamus, Emmerich da Löw, suka tace wani magani daga jikin ita Pseudomonas aeruginosa suna kashe wasu ƙwayoyin cuta da shi, shekaru masu yawa kafin a san fenisilin.

To, a nan nake so ka natsu. Wannan hali nata na ci-komai da jure wuya, wanda ya sa ta zama alheri a gurɓatacciyar ƙasa, shi ne dai ya sa ta zama masifa a buɗaɗɗen ciwo. Halittar da ta iya rayuwa cikin baƙin mai, me zai gagare ta a ɗanyen naman da wuta ta saluɓe? Tana iya zama cikin tataccen ruwan da babu abinci a ciki, tana iya zama har cikin ruwan wanke ciwo idan an tsarma shi an ajiye ya kwana biyu. Idan ta sami wuri, kamar robar fitsari ko bututun injin numfashi, sai ta gina wa kanta yauƙi ta lulluɓe, magani ya zo ya tarar da ƙofa a rufe. A 2023 an same ta cikin wani maganin ɗigawa a ido a Amurka, mutum 81 suka kamu a jihohi 18, huɗu suka mutu, wasu suka rasa gani. Ka ji fa, a ƙasar da ake taƙama da tsabtar asibiti.

Takan nuna kanta ga mai lura. A 1882 wani mai haɗa magunguna a rundunar sojan Faransa, Carle Gessard, ya gano cewa ita ce ke rina bandejin masu rauni. Har yau alamar ba ta sake ba: ka kwance bandeji ka ga mugunya ta yi kore-kore da ratsin shuɗi, da wani wari mai zaƙi-zaƙi wanda duk wanda ya taɓa ji ba ya mantawa. Ranar da ka ga haka, kada ka ce bari a ga gobe, ka kira nas ka nuna mata.

Na san zuciyarka, tausayi ne zai ja ka zuwa kemis ka sayo kafso, domin mutum ba ya iya zuba ido nasa na shan wuya. Amma ka sani, irin su amfisilin da amoksisilin da seftirin da muka saba haɗiya, wannan ƙwaya tun asali ba ta jin su. Kuɗinka ya tafi, ciwo na nan, ka kuma kashe sauran ƙwayoyin da ke tare mata wuri ka bar mata fili. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'inta mai bijire wa manyan allurai a sahun farko na waɗanda ake neman sabon magani dominsu. Saboda haka idan likita ya ce a ɗebi mugunya a kai ɗakin gwaji, a jira kwana biyu ko uku a ga maganin da zai ci ta, ka yi haƙuri ka biya, ya fi maka araha.

Sauran aikin kuwa a hannunka yake, kuma ba ya cin ko kwabo. Ka wanke hannuwanka da sabulu kafin ka taɓa ciwo da bayan ka taɓa, ka bar su su bushe, domin laima ce gidanta. Kada ka ƙara ruwa cikin kwalbar magani wai don ya yi auki. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da marar majinyaci, amma kada ta taɓa daɓe. Idan kuma ƙuna ta faru a gida, maƙwabta za su taru, kowa da shawararsa cikin kyakkyawar niyya, wani ya ce baƙin mai, wata ta ce ɗanyen ƙwai ko ƙasar tukunya. Ka gode musu da ladabi, ka zuba wa wurin ruwa mai tsabta na kamar minti 20, ka rufe da wankakken ƙyalle, ku kama hanyar asibiti.